Taga Ɗaya a Hawa na Biyar

Draha ta sa kafaɗarta ta dama a ƙarƙashin sandar ƙarfen da ta ratsa tagar, ta ɗaga ta sama kamar kaurin yatsa ɗaya, sannan ta danna saman gilashin da tafin hannu ta ja da baya. Tagar ta juya a kan cibiyarta ba ƙara ba gardama, fuskarta da ke kallon titi ta dawo cikin ɗaki, sanyin watan Nuwamba ya biyo ta. Shekara goma sha tara ke nan rabon Draha da wanke wannan fuskar. Kullum tana buɗe tagar ta sha iska, ta ci burodinta tana kallon rufin gidaje, amma dattin waje ba ta taɓa shi, domin shi ne yake rufa mata asiri. Yau kuwa ta zo da kwalbar ruwan khal da tsofaffin jaridu, ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu.

Mu mutanen birnin Brno ba ma kiran ginin nan da sunan da ke rubuce a goshinsa, wato Kantin Zelinger. Jirgi muke ce masa, saboda kusurwarsa da ta lanƙwasa kamar gaban jirgin ruwa, da layin tagogin da suka zagaye kowane hawa ba yankewa. An gina shi a 1929, farin bango sumul, ba gunki ba zanen fure, har tsofaffin lokacin suka riƙa cewa maginin ya manta bai ƙarasa ba. Yanzu ɗalibai kan zo daga ƙasashe su tsaya a tsakiyar titi suna ɗaukar hotonsa, direbobin tarago, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin titin gari, suna zaginsu. Tagoginsa tamanin da biyar ne. Tamanin da huɗu sun makance tun ranar da wani tsohon mai ginin ya sa aka liƙe su da fenti, ya kafa dokar kada wanda ya sake buɗe ko ɗaya. Ran nan Draha ta kulle ɗan ɗakin da take ajiye tsintsiya da bokiti a ƙarshen hawa na biyar, inda tagar da ta rage take, ta ce wa masu fenti makulli ya ɓata. Su ma ba su damu ba, ai aiki ta rage musu.

Sababbin masu ginin so suke su ciccire tagogin duka su sa na roba. Ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya ce ba zai yarda ba sai an tabbatar na ƙarfen sun mutu murus. Sai aka samo wani Injiniya Pokluda, ya rubuta rahoto mai shafi arba'in cewa tsatsa ta cinye su, ko ɗaya ba ta buɗuwa. Draha ta karanta shi kafin masu ginin ma su gani, domin wadda take zubar da kwandon takardun ofis ba a ɓoye mata komai. Yau da ƙarfe goma da rabi wata Dakta Rezkova za ta zo daga ofishin ta gani da idonta. In ta sa hannu, ranar Litinin ma'aikata za su fara ɓamɓara.

Dabarar Draha mai sauƙi ce. Duk wanda ya zo duba gini, daga tsallaken titi zai fara ɗaga kai. Zai ga taga ɗaya tana ƙyalli a can sama cikin tamanin da huɗu masu datti, in kuma yana da hankali zai tambayi wanda ya wanke ta ta waje. Ita ba sai ta ce uffan ba.

Tana cikin goge kusurwar ƙarshe sai ta ji makulli a ƙofa.

"Rufe mana wannan abin kafin ki kashe mu!"

Zdena ce, mai sayar da safar hannu da maɓallai a hawa na farko. Shekara ashirin tana hawowa nan shan shayi kowace safiya, har ta mallaki makullinta na kanta. Ta shigo a nannaɗe da mayafin ulu har hanci, ta nufi butar shayi, sai ta tsaya cak.

"Me nake gani haka? Draha, kin haukace? Wanke ta kika yi?"

"Datti na gani na wanke. Aikina ke nan."

"Shekara goma sha tara ba ki ga dattin ba sai yau?" Zdena ta zauna a kan kujerar ɗakin guda ɗaya, ta miƙo hannuwanta. "Dubi yatsuna, don Allah. Safar hannu nake sayarwa, kuma da safa biyu-biyu nake tsayawa a kanti. Iska tana shigo mini ta tagogin nan naki kamar gidan ubanta ne. An ce za a sa mana sababbi mu ji ɗumi kafin mu mutu, ke kuma kin tashi da jarida."

"Ba tagogin ba ne, fentin ne. Ulun da ke bakinsu ya ruɓe, kuma ba mai iya canza shi tunda an liƙe su." Draha ta juya tagar ta koma mazauninta, ta zauna daram. "Sa hannunki a nan. Kin ji iska?"

Zdena ba ta sa hannun ba, don ta san amsar. Duk Jirgi ba inda ya kai ɗakin tsintsiyar nan ɗumi, shi ya sa ma take hawowa har hawa na biyar da ciwon gwiwarta. Ta kalli ragowar baƙar rigar sanyi da ke rataye a ƙusa, wadda almakashi ya riga ya cinye rabinta.

"Rigar marigayi mijinki Vilem, kin yayyanka kin liƙa wa taga. Da ransa ma ba ki kula da shi haka ba."

"Shi ai ko an shafa masa kitse ba ya juyuwa."

Zdena ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Draha ta ɗauko wata ƙaramar kwalba daga aljihun rigar aikinta. Jiya aka yi bikin ranar Waliyyi Martin, kowane gida an gasa agwagwa, ita kuwa ta tace kitsen tata sau biyu da kyalle kamar yadda take yi kowace shekara. Ta buɗe ɗan murfin tagulla da ke gefen firam ɗin, ta ɗebo kitsen da ƙaramin yatsanta ta cusa a ramin cibiyar, dama da hagu. Ba ta gama goge yatsan ba suka ji takun mutum yana haki a kan matakala.

Pan Kudela ne, manajan ginin (a wajenmu Pan ake sa wa sunan namiji don girmamawa, Pani kuma na mace). Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, kuma tsoron nasa ta goshi yake fitowa ko ana sanyi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, yana kallon tagar kamar ya kama ɓarawo.

"Pani Draha, tun daga fitilar mahaɗa na hango ta. Tun daga mahaɗa! Yaya aka yi bayanta ya wanku?"

"Ruwan khal ne da jarida, Pan Kudela."

"Ba wannan nake tambaya ba, kin kuma sani." Ya dubi agogo. "Ki mayar da ita yadda take. Ki shafa mata wani abu, ƙasa ko toka ko me."

"Ni wankewa na iya."

Ya ciji leɓe. Sannan ya sassauta murya, abin da ya fi ihu ban tsoro a wajensa.

"Ki saurare ni. In tagar nan ta buɗu a gaban matar nan, ni masu gini za su tambaya, ni kuma ba ni da wanda zan tambaya sai ke. An daɗe ana yi mini maganar a kawo kamfanin shara, ni nake cewa a bar Pani Draha, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Kada ki sa in rasa abin faɗa. Ba ni makullin. Na ba ki hutu yau, ki je gida ki ci ragowar agwagwarki."

Ta ciro makullin daga wuyanta ta ba shi. Ya fitar da su biyun, ya kulle ƙofar sau biyu, ya jijjiga ta. Zdena tana tsaye da kofinta a hannu, ta ƙura wa shayin ido kamar an rubuta mata wasiƙa a ciki.

Draha ta sa rigar ruwanta ta fita, amma iyakarta tashar tarago da ke tsallaken titi. Daga nan ta ɗaga kai. Ga ta can kuwa, taga ɗaya tal tana ɗaukar hasken sama, sauran duk sun yi duhu-duhu kamar idon tsohon kare. Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar kanta. Makulli dai ya tafi, amma abin da ta zo yi ta riga ta yi shi, sai a ga mai idon da zai wuce wannan bai gani ba.

Ƙarfe goma da minti goma aka fara yayyafi. Kafin goma da rabi ruwa ya kece sosai. Tarago mai lamba takwas ya tsaya, wata gajeriyar mace mai furfura ta sauko da jakar takardu a hammata, ta buɗe baƙar lema ta sauke ta har kafaɗa. Ta duba dama, ta duba hagu, ta tsallaka titi da sauri tana kallon takalmanta. Pan Kudela yana riƙe da ƙofa yana murmushi har kunne. Matar ta shige, ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ba.

Draha ta tsaya ruwa yana ɗiga daga gefen rumfar tashar a kan kafaɗarta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba da matar ba, da kanta. Shekara talatin da biyar tana wanke gilashi a garin nan, ta manta ana ruwa a watan Nuwamba.

Tarago mai lamba huɗu, wanda yake kai ta gida, ya taho ya buɗe ƙofa daidai gabanta. Ciki akwai ɗumi, akwai kujera ba kowa kusa da taga. Ta sa hannu a aljihu za ta ciro katinta, sai yatsunta suka taɓa kwalbar kitsen.

Pani Hermina ce ta koya mata wannan. Ita ce mai wanke tagogin Jirgi tun bayan babban yaƙin duniya, tsohuwa mai kaifin baki, wadda ta karɓi Draha ranar da ta fara aiki ta kai ta hawa na biyar kafin ma ta tambayi sunanta. Ta juya mata taga, ta ce ta duba da kyau. Yayar Hermina, Otiliye, a wani gidan masu hali take aiki, irin mai mala'ikun siminti a saman ƙofa. A can mai wanki kan fita ne ta tsaya a kan ɗan dakalin taga, hannu ɗaya a firam, ɗaya da tsumma. Wata safiya dakalin ya jiƙe, Otiliye ta faɗo daga hawa na uku, shekararta ashirin da biyu. "Wanda ya zana Jirgin nan namu," in ji Hermina, "kafin ya tuna da masu sayayya ya tuna da mai bokiti. Ƙafarki ba za ta taɓa barin ƙasa ba, gilashin ne zai zo wajenki. Saboda haka in kika bar cibiyar nan ta bushe, ko ina kabari sai na zo na ja kunnenki." Bayan yaƙi ba man inji, shi ya sa ta fara da kitsen agwagwa, da man ya samu kuma ta ce tagogin sun riga sun saba.

Direban ya kaɗa ƙararrawa, ya leƙo.

"Pani, shiga za ki yi ko gadin tashar aka ba ki?"

"Tafi abinka."

Ta tsallaka titi ba lema, ta shiga ta ƙofar masu sayayya, abin da ba ta taɓa yi ba a ranar aiki. Ta hau hawa na farko, ta tsaya a gaban kantar Zdena ruwa yana zuba daga rigarta a kan daɓen da ita ta goge da safe.

"Ba ni makulli."

"Wane makulli?"

"Zdena."

"Ke dai ba ki da tausayi." Zdena ta jawo wani aljihun tebur ta mayar, ta jawo wani. "In na ba ki, sanyin bana da na baɗi duk a kaina za su ƙare. Ke kuma korarki za su yi, kin ji da kunnenki. Saboda me? Saboda ƙarfe?"

"In sun bar su, taki zan fara gyarawa. Da hannuna zan sa mata ulu."

"Da rigar wa? Vilem ɗaya gare ki, kuma saura hannu ɗaya da aljihu."

Draha ta miƙa tafin hannu kawai ta bar shi a miƙe. Wata mata ta zo tambayar baƙin maɓalli, Zdena ta ce mata babu, alhali suna cike da aljihun tebur. Sannan ta zura hannu can ƙarƙashin maɓallan, ta ciro makullin ta dangwarar da shi a kan teburin.

"Ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba. Kuma ki goge ruwan nan da kika zuba mini."

A hawa na uku ta same su, inda dā ake sayar da kujeru, yanzu ba komai sai ƙura da sanyi. Injiniya Pokluda, dogo mai tsadadden takalmi, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙasan wata taga yana danna shi da ƙarfinsa duka. Busasshen fenti yana faffaɗowa, gilashin yana wani irin kuka da Draha ta ji har cikin haƙoranta. Dakta Rezkova tana tsaye da takarda a kan jakarta, alƙalami a buɗe.

"Wannan ta uku ke nan, Pani Dakta," in ji injiniyan. "In kina so mu gwada ta huɗu, amma sakamakon ɗaya ne."

"Za ka fasa ta," in ji Draha daga bakin matakala. "Ba haka ake yi ba."

Bai juyo ba. A garin nan in ka kira mai digiri ba ka haɗa da digirinsa ba, kurma ne.

"Pan Injiniya! Na ce za ka fasa ta."

Sai ya juyo, ya dube ta daga jiƙaƙƙen gashi zuwa takalmin roba.

"Wace ce wannan?"

"Mai shararmu ce," in ji Pan Kudela da sauri, gumi ya riga ya keto masa. "Yau hutu take. Pani Draha, ai mun yi magana."

"Mun yi."

Dakta Rezkova ta rufe alƙalaminta. Kusa da ita Draha ta ga ashe idanunta ƙanana ne masu kaifi, lemar ce kawai ta rufe su ɗazu.

"To yaya ake yi, Pani?"

"A nan ba zan iya nuna miki ba, fenti ya kai sau shida a kanta. Amma akwai wadda ba a taɓa shafa wa ba. In ƙafarki za ta iya hawa biyu."

"Ɗakin tsintsiya ne, a kulle yake, makullin kuma..." Pan Kudela ya dafa aljihunsa, sai ya ga wani makullin a hannun Draha. 

Suka hau. A kan matakala Pan Kudela ya matso kusa da ita yana raɗa.

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

"Ba zan iya kare ki ba."

"Ban ce ka kare ni ba. Riƙe ƙarfen matakala, akwai santsi."

Mutum huɗu a ɗakin da aka yi don mutum ɗaya da bokiti uku. Injiniyan ya buge kansa da sandar tsumman goge ƙasa, Dakta ta tsaya tsakanin butar shayi da rigar Vilem. Injiniyan ya ce a bar shi ya fara gwadawa, tunda shi ne ƙwararre. Ya tura ƙasan tagar, ya ja sandar, ya daki firam ɗin da gefen hannu. Ko gezau.

"Kin gani, Pani Dakta? Ba fenti, amma duk ɗaya. Tsatsa daga ciki take ci."

Dakta ta dubi Draha. Draha ta matsa, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin sandar ta ɗaga. Rigar ruwan ta zame a jikin ƙarfen, tagar ba ta motsa ba, wani zafi ya soke ta daga wuya zuwa gwiwar hannu. Ta ji injiniyan ya yi ɗan tari irin na mai danne dariya. Karo na farko yau ta ji tsoro na gaske. Ta cire rigar ruwan, ta duba inda za ta ajiye ba wuri, sai ta miƙa wa Pan Kudela, shi kuma ya karɓa don bai san abin da zai yi ba. Ta gyara tsayuwa, ƙafar hagu gaba kamar yadda Hermina take yi. Ta ɗaga kaurin yatsa ɗaya, ta danna saman gilashin.

"Ku ja baya."

Tagar ta juyo a hankali, gilashi mai tsayin mutum, shiru kamar ana buɗe shafin littafi. Ruwan da ke bayanta ya gangaro ya zuba a kan tsadadden takalmin injiniya. Ƙarar titi ta shigo, da ƙamshin ruwan sama. Fuskar waje ta tsaya a cikin ɗaki, jiƙaƙƙiya, tas, har Dakta Rezkova ta ga kanta a ciki.

Dakta ta ajiye jakarta a kan bokiti, ta tura tagar da yatsa ɗaya, ta tafi, ta dawo da ita, ta dawo.

"Me ya sa sai an ɗaga?"

"Nauyinta a cikin wani ɗan rami yake zaune, don kada iska ta juya ta. In ba ki fitar da ita daga ramin ba, ko doki kika ɗaura mata ba za ta motsa ba."

Dakta ta buɗe murfin tagullar, ta taɓa, ta kai yatsa hanci. Ta sake shinshinawa.

"Wane irin mai ne wannan?"

"Agwagwa ce. Ta jiya."

"Wannan ba ya cikin kowace ƙa'ida," in ji injiniyan yana girgiza ƙafa. "Kuma taga ɗaya ba hujja ba ce."

"Pan Injiniya, shafi nawa ne rahotonka?"

"Arba'in."

"A wanne ka rubuta cewa ka ɗaga su kafin ka tura?"

Injiniyan ya duƙa yana goge takalminsa. Dakta ta zaro takardar da aka shirya mata ta sa hannu, ta ninke ta biyu ta mayar cikin jaka. Ta ce ba za a cire ko ɗaya ba. Za a kankare fentin duka tamanin da huɗun a duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma za ta turo masu gyaran ƙarfe in sanyi ya wuce. Ta tambayi Draha sunanta cikakke ta rubuta, har da na Hermina. Draha ta ji ƙwalla ta taho mata, ta juya tana gyara tsumma a bakin bokiti.

Dakta ta ɗauki jakarta za ta fita, sai ta tsaya ta ƙwanƙwasa bangon ɗakin da bayan yatsa. Ya yi ƙarar kwali.

"Wannan fa?"

"Falanki ne, tun zamanin gwamnatin dā aka kafa shi," in ji Pan Kudela.

"Ba ya cikin zanen asali. A zanen, mutum zai tsaya a bakin matakala ya ga layin tagogin nan daga farko har ƙarshe, ba abin da ya tare haske. Shi za a fara cirewa." Ta yi wa Draha murmushi da zuciya ɗaya. "Taga irin wannan ba a ɓoye ta a ɗakin tsintsiya. Kowa zai zo ya gan ta."

Draha ta dubi kujerar, da butar shayi, da ƙusar da rigar Vilem take rataye. A nan ta zauna ta yi kuka ranar da aka binne shi, domin gida ya cika da mutane. Duk faɗin Brno wannan taku uku ne wurin da yake nata ita kaɗai, kuma da hannunta ta buɗe musu ƙofarsa. Abin ya yi mata ciwo, ba ta kuma yi ƙoƙarin ce wa kanta bai yi ba.

"Haka ne, Pani Dakta," ta ce. "Haka aka zana shi."

Suka sauka. Pan Kudela ne na ƙarshe. Ya miƙa mata rigar ruwanta bai kalle ta ba.

"Ranar Litinin ki same ni a ofis. Ƙarfe tara."

"To."

Da ta rage ita kaɗai, ta juya tagar ta mayar da ita cikin raminta, ta goge ruwan da ya zuba. Ta sa hannu a bayan butar shayi ta ciro wuƙar kankare fenti ta Hermina, mai ƙotar katako da ta yi baƙi saboda riƙo. Ta sauke ragowar rigar Vilem daga ƙusa, ta auna da ido. Za ta rufe gefe biyu na taga, ba za ta kai huɗu ba. Yau Alhamis ce. Taga ɗaya mai fenti shida takan ci kwana biyu in mutum bai tsaya surutu ba.

A hawa na farko ta ja kwalin safar hannu gefe, ta durƙusa a gindin tagar da ke bayan kantar Zdena, ta sa bakin wuƙar a tsagin da ke tsakanin firam da firam. Fentin farko ya ɓallo, fari a sama, ruwan toka a ƙasa, kore a can ciki. Pan Kudela ya zo wucewa bayan ya raka baƙi, ya tsaya.

"Pani Draha, ai na ba ki hutu yau."

"Shi nake ci."

Ya daɗe yana kallon bayanta, sannan ya share goshi ya wuce. Zdena ta sallami mai sayen maɓalli, ta zo ta tsaya a kanta, hannuwa a hammata.

"An kore ki?"

"Sai Litinin."

"Ɗakin fa?"

"Za a rushe."

"To ni a ina zan riƙa shan shayi? Kin ga abin da kika jawo mana?" Ta tsuguna da ƙyar, ta ɗaga ragowar rigar da yatsa biyu, ta jujjuya ta. "Wannan ce za ta tare mini iska? Ko kyanwa ba za ta rufe ba."

Draha ta ci gaba da kankara. Ta ji Zdena ta miƙe tana mita, ta ji an jawo aljihun tebur. Sai ga almakashi an ajiye a kan dakalin tagar, a kansa kuma mayafin ulun nan, da sauran ɗumin wuya a jikinsa.

"Ki yanka shi ta tsawo," in ji Zdena tana ɗaga wuyan rigarta. "Kuma ki yi sauri, sanyi nake ji."